Abin da Ban Tambayi Ɗan Farina Ba

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Zuwa ga na Gwaggo,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Allah ya tsare ka a zaune, ya tsare ka a tafe, ya raba ka da sharrin ƙarfe da na ruwa da na mutum. Amin.

Na san za ka yi mamaki. Gida uku ne tsakanina da kai, kullum da safe kana shigowa gaishe ni, ga shi kuma na aiko maka da wasiƙa kamar wadda ke zaune a Kumasi. To, ka san dalili. Kai ne ɗan farina. Shekara ashirin da biyar ban kira sunanka ba, ban zauna da kai mun yi hira ba. In ina da saƙo sai in faɗa wa bango, ko in faɗa wa ƙanwarka Safiya alhali kana tsaye kana ji. Haka na tarar ana yi a Zongo, haka uwata ta yi wa babban wanmu. Baki ya ƙi, shi ya sa na ɗauko alƙalami. Da ajami na rubuta da gangan, don Safiya lakwal, makarantar boko, ta cinye mata kai, kafin ta haɗa baƙi biyu ka ƙwace abarka. In ka ga tawada ta yi kauri a wani wuri, ka yi haƙuri, hannun mai tuyar waina ne.

Saura kwana tara jirginku ya tashi zuwa Atina, ƙasar Girka, inda za ka koyi aikin injin jirgin ruwa. Shekaranjiya da la'asar kana zaune bakin rijiya da ɗan littafin nan na kalmomin Girkanci, wanda direban goro ya samo maka a Kumasi. Fassararsa da Ingilishi take, tunda an zaga Wagadugu kaf ba a samu mai Faransanci ba. Ni ina madafa ina tsintar shinkafa, ka ɗauka ba na ji. Safiya ta leƙo ta kafaɗarka ta ce, "Yaya, wannan 'yar mitsitsiyar fa, mai baƙi biyu?" Ka ce mata sunanta ti. Wallahi saura kaɗan faifan ya suɓuce min.

Ka shiga karanta Ingilishin da ke gabanta kana juya mata da Hausa. Ka ce ma'anarta ta farko ita ce me. Ka ce tana zuwa a wane ko wace, tana zuwa a wane iri, in ana gaisuwa ta zama yaya, in kuma aka ga mutum yana kuka tana iya zama don me. Safiya ta ce, "Kai! 'Yar wannan ce ta ɗauki kaya haka kamar jakin fatake?" Ka yi murmushi. Sai ita da ba ta san inda ake tsayawa ba ta ce, "To Yaya, kai kana murna da tafiyar?" Ka rufe littafin, sannan ka ce, "Ai an riga an gama magana."

Tun daga lokacin abinci bai yi min daɗi ba. Ni ce na gama maganar. Ni na nema maka tafiyar nan, kuma ban taɓa tambayarka ko kana so ba. Abin da ya sa ni rubutu ke nan. Amma ka bar ni in bi ta hanya mai nisa, don in na tunkare ta kai tsaye hannuna zai ƙi kamar yadda bakina ya ƙi.

Wannan kalma na san ta tun kana goye. Shekara biyu bayan Faransawa sun sauka daga mulki, tun ana ce wa ƙasar nan Hot Bolta, aka tsare kayan goron babanku a kan iyaka har ganyen ya bushe, goron ya ruɓe a cikin huhu. Gida ya yi sanyi. Da kyar ya yarda na kama aiki a gidan wani Bagirke mai gasa burodi, Misye Yorgo, in riƙa taya tsohuwarsa girki da wanki. Zongo ta yi ta cin namana, wai 'yar malam guda tana wanke wa Nasara kwano. Tsohuwar sunanta Eleni. Gajeriya ce, kullum cikin baƙaƙen kaya, Faransancinta bai fi nawa ba, nawa kuwa bai wuce wi Madam ba, wato to Madam.

Wi Madam ɗin nan ce ta kashe ni. Duk abin da ta faɗa sai in ce wi, na gane ko ban gane ba, don a tarbiyyarmu maimaita wa babba tambaya rashin kunya ne. A mako na uku za ta fita, ta zagaya hannu a madafa ta yi wata magana mai tsawo, har ta nuna wani ɗan tulun tangaran da ke kan kanta an rufe shi da ƙyalle. Na ce wi. Da ta tafi na share, na goge, na zo kan tulun. Ina buɗewa tsami ya doki hancina, ga wani kullu a ciki yana kumfa. Na ce a raina, Allah sarki, tsufa ya sa ta manta da abu har ya lalace. Na kwashe na zuba wa kaji, na dirje tulun da toka har yana ƙyalli, na kife shi a rana, na tsaya ina jiran yabo.

Da ta dawo ta ga tulun a kife, sai ta zauna daɓas a ƙasa ta ɗora hannu a ka. Kuka take yi irin na wadda aka aiko wa da mutuwa. Ni kuwa na rasa inda zan sa kaina. Sai da Misye Yorgo ya faɗa wa wani ma'aikacinsa da Faransanci, shi kuma ya faɗa min da yaren Mosi, sannan na ji abin da na yi. Ashe tsamin kullun burodi ne da ta taho da shi daga ƙauyensu. A hannun uwarta ta karɓa, uwarta a hannun kakarta. Duk bayan kwana biyu tana ƙara masa gari kamar mai kiwon dabba, da shi take yin burodin da take ci ita kaɗai. Ya hau jirgin ruwa, ya hau jirgin ƙasa daga Abijan, bai mutu ba sai a hannuna. Maganar da ta yi min kafin ta fita, cewa take in goge ko'ina amma kada in taɓa wannan.

Na ɗaure zanena na ce aiki ya ƙare. Washegari na je ne kawai in ba da haƙuri. Sai ta kama kunnena, ba da zafi ba, ta ja ni muka zagaye madafar. Ta nuna tukunya ta ce, "Ti ine afto?" Ta nuna bakina, wato in maimaita. Ta nuna gishiri, ta nuna wuƙa, ta nuna murhu, kowanne sai na ce ti ine afto sannan ta faɗa min sunansa da amfaninsa da hannu da ka. Ma'anarsa mene ne wannan. Ranar ban wanke ko cokali ba, tambaya kawai na yini ina yi.

Bayan 'yan kwanaki na ga tana ta neman wani abu a kasuwa, tana murza yatsu tana kai wa hanci, masu ganye suna kallonta. A dā, da shiru zan yi. Ranar na daure na ce, "Madam, ti?" Ta zana min ganye a ƙasa, ta nuna yana da ƙamshi. Af, ashe ɗoɗɗoya take nema, wadda ta cika bayan makewayinmu muna tsinka muna korar sauro! A garinsu da ita ake tayar da sabon tsami. Na kawo mata dami guda. Ta jiƙa a ruwa ta kwaɓa gari, bayan kwanaki kullu ya tashi. Ta ce ɗanɗanon bai kai na uwarta ba, amma shi ta ci har ta koma ga Allah, kuma duk ranar gashi sai ta yanko min.

Don haka, ko ina ka samu kanka, kada ka ce to a kan abin da ba ka gane ba. Na san ka, halina ka ɗauko, kana gyaɗa kai don kada a ce ka cika damu. Baƙo makaho ne ko da idonsa biyu. In an nuna maka inji an yi bayani bai shiga ba, ka ce a sake. In an sake bai shiga ba, ka ce a kuma sakewa. Wanda zai yi maka dariya yau, gobe ya manta. Ni kaji na ba abin da na ɓata, kai kuwa ƙarfe ne a gabanka, yatsa yake ci.

Kuskurena na biyu ya fito ne daga cikin na farko. Da na iya tambaya sai kaina ya kumbura, na zama kamar yaron da aka saya wa usur. A kusurwar ɗakin tsohuwar akwai wasu hotuna na mutanen addininsu, da 'yar fitilar mai da ba ta mutuwa. Kullum in na shiga shara sai in kau da kai ina a'uziyya a zuci. Wata safiya na tarar da ita ta ɗauki ɗaya tana sumbata. Na yatsine fuska, na taɓe baki, na ce, "Ti ine afto?" Ba sani nake nema ba. So nake ta ji cewa ni 'yar malam na raina abin.

Ba ta yi fushi ba. Ta miƙo min hoton. Wata yarinya ce 'yar kamar shekara biyar, da ƙyalle ɗaure a gashinta. Ta nuna cikinta, wato ita ta haife ta. Ta nuna baki, ta girgiza hannu, wato babu abinci. Daga baya na ji cewa lokacin babban yaƙin Turawa aka yi yunwa a ƙasarsu, yarinyar ta tafi a cikinta. Na tsaya da tsintsiya a hannu ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Wannan matar fa ita ce ke buga agogon hannunta da yatsa in azahar ta yi, ta kore ni in je in yi salla. Ita ta ware min tukunyata da cokalina da ba su taɓa ganin naman alade ba, ba tare da na roƙa ba.

Ka riƙe sallarka, na Gwaggo. Kada sanyi ya sa ka haɗa ta, kada kunyar abokan aiki ta sa ka ɓoye ta. Abin da Allah ya hana ka ci ko ka sha, ka ce a'a da fara'a, ba sai ka yi wa'azi ba. Amma in za ka tambayi mutum abin da ya shafi addininsa ko gidansa, ka fara wanke fuskarka daga raini. In ka ji a ranka so kake ka kunyata shi, haɗiye tambayar. Ba ka san wa ya binne ba.

Na uku ya fi waɗannan nauyi, don babanku ya shafa, Allah ya jiƙansa. Kana ɗan shekara goma lokacin. Ka san yadda yake da goronsa. Duk bayan 'yan kwanaki sai ya kwance huhu a zaure, ya tsince masu tsutsa, ya sauya ganye, ya yayyafa ruwa, ya ɗaure ya ɗaga da kansa, ba ya yarda kowa ya taɓa masa. Sai na ga ya fara kiran maƙwabta su ɗaga masa. Na ga in ya taho daga masallaci yana tsayawa jikin katangar gidan Liman kamar mai duba wani abu. Rannan ina shara na ɗaga takalminsa, na tarar ya tsaga maɗaurin da reza don ƙafarsa ta shiga. Na gani da idona. Na mayar da takalmin yadda yake, na ci gaba da shara.

Wata uku ina kallo. Kullum in na kai masa tuwo tambayar tana bakina, sai in ce ai mace ba ta tone wa mijinta rauni, in yana so zai faɗa. Na riƙa ƙara masa man shanu a miya, wai don ya yi ƙarfi. Ka ji wauta.

Ranar da Allah ya tashi taimakonmu, ya biyo ta ƙofar bayan gidan burodi zai karɓi makulli a hannuna. Tsohuwa Eleni tana zaune tana gyaran wake. Ta dube shi sau ɗaya daga sama zuwa ƙasa ta ce, "Ti ehis?" Wato me ke damunka. Ya yi dariya ya ce lafiya lau, har da yi mata da yaren Mosi ko za ta fi ji. Ina! Ta ajiye kwano, ta durƙusa, ta ɗage masa ƙafar wando, ta danna babban yatsanta a ƙwaurinsa. Ka yi tunanin babanku da rawaninsa, tsohuwar Nasara riƙe da ƙafarsa, ya rasa ko ya gudu ko ya tsaya. Da ta ɗaga yatsan, ramin ya zauna bai ciko ba. Ta ƙwala wa ɗanta kira. A motar burodi aka kai shi asibiti, yana zaune a kan buhun gari yana ta faɗin a sauke shi.

Likita ya ce zuciyarsa ce ta gaji, ruwa ya taru a jikinsa, da an ƙara wata guda da sai dai wani labarin. Aka ba shi ƙwayoyi, aka hana shi gishiri da maiƙo. Shekara biyar Allah ya ƙara mana da shi. A cikin shekarun nan aka haifi Safiya. Duk surutun nan da take cika maka kunne da shi, albarkacin tambaya ɗaya ne da wata baƙuwa ta yi, wadda ni matarsa na kasa yi. Har gobe in na tuna sai in ce alhamdu lillahi, kuma in ji kunya.

Bayan ya ji sauƙi, wata rana yana sauya ganyen goro ina zaune gefe, sai ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Na san kin ga takalmin." Na ce na gani. Ya ce, "Kullum in kin kawo tuwo ina jira ki tambaya. Namiji ba ya fara faɗi." Na ce, "Ni kuma ina jira ka faɗa." Muka yi dariya, amma ni da na shiga ɗaki kuka na yi.

Saboda haka, in ka zauna ɗaki ɗaya da wani, ko ɗan wace ƙasa ne, ka ga ya rage ci, ya rage magana, ka tambaye shi. In ya ce lafiya lau ka sake tambaya gobe. Kai ma in jikinka ya ƙi, ka buɗe baki ka faɗa wa na kusa da kai, kada ka tsaya jira a gane. Jinin babanku ne a jikinka, na san za ka iya tsaga takalmi ka yi shiru.

Yanzu na iso inda nake ta zagayewa. Da aka yaye ka, Gwaggo Rabi, yayar babanku, ta ɗauke ka kamar yadda ake yi da ɗan fari. Ta riƙe ka riƙon da ko ni ba zan iya ba, Allah ya saka mata da Aljanna. Amma akwai wata rana da ban sani ba ko kana tune. Kana ɗan shekara shida. Ana suna a gidanmu, tsakar gida cike da mata, dangin babanku duk suna nan, ni ina bakin tanda ina tuya. Sai ga ka da gudu ba takalmi, ka ratsa mata ka tsaya a gabana. Hannunka na dama a dunƙule, idonka cike da hawaye. Ka ce, "Inna."

Wata daga cikin matan ta ce, "Ahaf, ga ɗan fari ya zo wurin uwarsa, bari mu ga ko za a yi abin kunya." Aka sa dariya. Na kau da kai, na dubi bango na ce, "A ce wa yaron nan ya matsa, zai ƙone." Ka ɗan tsaya. Ina ganin ƙafafunka ta gefen ido, duk ƙura. Sannan ka juya ka fita a hankali. Mata suka yi ta yaba min, wai na cika 'yar gidan mutunci.

Har yau ban san abin da ke hannunka ba. Ban san ko dukanka aka yi, ko wani abu ka tsinta ka kawo min, ko ƙaya ce ta soke ka. Tun daga ranar ba ka sake zuwa min da gudu ba. A lokacin na shekara biyar ina tambayar tsohuwar wani gari sunan cokali da tukunya, ɗan cikina kuwa ya tsaya a gabana yana hawaye na kasa ce masa mene ne. Ba na zagin al'ada, ta yi mana rana, ita ta ba ka uwa biyu. Amma ranar nan na fi jin tsoron bakin mata a kan hawayenka, kuma wannan laifina ne ni kaɗai. Ka yafe min.

Duk da haka ba ka taɓa riƙe ni da shi ba, abin da nake gode wa Allah ke nan dare da rana. Tun da babanku ya rasu, ban taɓa cewa rufin ɗakina yana yoyo ba, sai dai in dawo daga kasuwa in tarar an liƙe. Itace yana ƙarewa in ga wani a jingine. Ranar da hannun tandata ya karye, kafin azahar na same ta a gyare a bakin ƙofa, ba wanda ya ce uffan. Ina gani, na Gwaggo. Duk ina gani, bakin godiyar ne babu. Na gode. Allah ya ba ka masu yi maka.

Bara Misye Yorgo ya dawo daga ƙasarsu don ya sayar da gidan burodin, shekara tara bayan mun binne tsohuwarsa a nan Wagadugu. Na je gaishe shi. Ya tsufa, gashinsa fari fat. Ya ce shekara goma sha huɗu na yi da uwarsa, ni na rufe mata ido, ba zai tafi bai yi min wani abu ba. Ya yi min tambayar da ita take yi min in ta ga ina ta kewaye-kewaye, ya ce, "Ti telis?" Wato me kike so. Ko numfashi ban ja ba na ce ya tafi min da ɗana ya koyi babban aiki. Ya ce surukinsa yana da wurin gyaran injin jiragen ruwa, kuma akwai makaranta kusa. Na dawo gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Na faɗa wa Gwaggo, Gwaggo ta faɗa wa kawunka, kawunka ya kira ka ya faɗa maka, ka ce to. Ni aka tambaya me nake so, na amsa da rayuwarka.

Abin da ke raina lokacin, ba na son ka ƙare a gindin bishiya a unguwar Tampouy kana kwance ƙananan baburan nan, mobilet, wurin maigidanka Tinga, hannu baƙi ƙirin. Na ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. To amma akwai abin da na gani na ɓoye wa kaina. Kwanakin baya na je Tampouy gaisuwar mutuwa, na hango ka daga tsallaken hanya. Ka kara kunnenka jikin wata tsohuwar mobilet kana saurara, ka ɗaga yatsa kowa ya yi shiru, ka taɓa wani abu ta tashi. Tinga ya daki bayanka, ka tuntsire da dariya har kana riƙe ciki. Ban taɓa jin dariyarka haka ba. Na ja mayafina na wuce, na ce wa kaina ai can ma inji ne.

Wataƙila can ma injin ne. Wataƙila kana so, tsoro ne kawai irin na mai barin gida. Wataƙila kuma akwai wani abu ko wata a garin nan da ban sani ba. Ban sani ba, kuma na gaji da yin kamar na sani. Shi ya sa nake tambayarka yau, ni da kaina, ba ta bakin kowa ba. Me kake so?

In tafiyar kake so, ka tafi da albarkata gaba ɗaya. Ka sayi rigar sanyi mai kauri kafin komai. Ka girmama Misye Yorgo kamar kawu, amma kada ka zame masa kaya. In za ka rubuto wasiƙa, ta Gwaggo ce farko, ita ta yi wahalarka, tawa ta biyo baya ko layi biyu ne.

In kuwa ba ka so, kada ka hau jirgin nan don ni. Na san Liman ya yi addu'a a masallaci, na san Gwaggo ta gama dambun nama ta ɗaure, na san babu gidan da ba a sani ba a Zongo. Ni na ɗaura, ni zan kwance. Da ƙafata zan je gidan Liman, da bakina zan faɗa wa Gwaggo da kawunka, ni zan sa a rubuta wa Misye Yorgo in ba shi haƙuri, ɗan Eleni ne, zai gane. Mutane za su yi wata guda suna cin namana sannan su samu wani. Sun ci a baya ban mutu ba. Ba zan ce ka kunyata ni ba, ko a fuska ko a zuci, Allah ne shaidata.

Abu ɗaya na roƙe ka. Kada ka ba ni amsa a takarda, kada ka aiko Safiya, kada ka ce min to. Ranar Alhamis bayan la'asar zan aiki Safiya unguwar Dassasgho ta kai saƙo, gidan zai zama ba kowa. Zan shimfiɗa tabarma a ɗakina. Ka shigo har ciki ka zauna, ka faɗa min da bakinka.

Allah ya yi maka albarka. Allah ya zaɓa maka abin da ya fi alheri, ya sa ka gane shi in ka gan shi. In teku za ka ƙetare, Allah ya kwantar maka da ita, ya haɗa ka da mutanen kirki irin wadda ya haɗa ni da ita. In hanyar Tampouy za ka ci gaba da bi, Allah ya tsare ka daga manyan motoci, ya sa albarka a hannunka. Allah ya jiƙan babanku. Ka gaishe min da Gwaggo, amma kada ka nuna mata wannan tukuna.

In ka shigo ka tarar na sunkuyar da kai ina wasa da bakin tabarma, kada ka tashi ka fita. Ka ɗan jira ni. Zan ɗago.

Ni ce mahaifiyarka.